Korona Ta Tafi, Amma Ta Kwashe Kayanta Duka?

Ran 5 ga watan Mayu na shekarar 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa cutar korona ta fita daga matsayin annobar gaggawa wadda ta shafi duniya baki ɗaya. A nan wajenmu sanarwar ba ta dami kowa ba, domin jama'a sun riga sun yanke nasu hukunci tun da daɗewa. Takunkumin fuska ya koma hannun masu babura don gudun ƙura, bokitan wanke hannu da aka jera a ƙofofin makarantu kuwa sun koma ɗibar ruwa. In mutum ya fita daga birnin Bauchi ya kama hanyar Gombe, ya tsaya a Inkil, ya ta da zancen korona a majalisar dattawa ko a teburin mai shayi, ba zai rasa jin amsa ba. Wani zai ce ciwon Turawa ne da masu hawa jirgin sama. Wani zai ce na tsofaffi ne, waɗanda kwanansu ya ƙare kuwa sun tafi, Allah Ya jiƙansu. Wani kuma murmushi zai yi, ya ce ai hanyar cin kuɗi ce aka samu, da kuɗin suka ƙare sai cutar ta ƙare. Abin da dukansu za su haɗu a kai shi ne, ko mece ce ita, ba ta taɓa yara ba.

Wannan magana ta ƙarshe ce nake so mu zauna a kanta a wannan mako, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma gaskiyar da ke cikinta ita ce ta sa ta zama mai haɗari. Lalle ne korona ta fi kashe manya da masu ɗauke da wani ciwo, yawancin yaran da suka kamu kuwa ba su wuce 'yar mura da zazzaɓin kwana biyu ko uku ba, wasu ma ko atishawa ba su yi ba. Amma rashin kisa dabam ne, rashin ɓarna kuma dabam. Likitocin yara na ƙasashe da yawa sun tabbatar da cewa akwai wani kaso na yara da matasa waɗanda cutar ta shige su ta fita, amma ta bar musu abin da ya hana su komawa yadda suke a da. Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce, in akwai irin waɗannan yara a gidajenmu, da wane suna muke kiransu?

Kafin mu kai can, ya kamata mai karatu ya tuna yadda abin ya zo mana. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko a Nijeriya, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka Legas. Wata guda bai cika ba, ran 24 ga Maris, aka sanar da cewa Gwamnan Jihar Bauchi, Sanata Bala Mohammed, ya kamu. A watan Afrilu aka shiga yawan jana'iza a Kano, a watan Mayu irin wannan labari ya taso daga Azare, har gwamnatin jiha ta sa dokar kulle a ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki. An rufe makarantu tun a ƙarshen Maris, yawancin yara kuwa ba su sake ganin aji ba sai wajen watan Oktoba. A tsakiyar wannan hali ne gwamnonin Arewa suka shiga mai da almajirai jihohinsu cikin manyan motoci, kuma a jihohin da aka tsaya aka gwada yaran, irin su Kaduna da Jigawa, an sami da dama daga cikinsu ɗauke da cutar, galibinsu ba tare da wata alama ba.

To, su wa aka gwada a wancan lokaci? Wanda zai yi tafiya ƙasar waje, da babban ma'aikaci, da wanda ya yi cuɗanya da babban ma'aikaci, da wanda numfashi ya gagare shi har aka kwantar da shi. Shi ya sa lissafin hukuma na ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ya tsaya a wajen mutum 267,000 da suka kamu, da 3,155 da suka rasu. Amma da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ta ɗebi jinin jama'a gida-gida a ƙarshen 2020 don ganin ko jikinsu ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, sai aka ga alamar a jinin mutum 23 cikin 100 a Legas da Inugu, 19 a Nasarawa, 9 a Gombe. Wannan fa kafin zagaye na biyu da na uku da na huɗu ke nan. A watan Afrilu na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bincikenta ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun kamu, watau kusan ninki 97 na abin da aka rubuta a takarda.

Inkil ba lungu ba ne da za a ce iska ba ta kai can ba. Nan ne Malam Yakubu ya yi zango kafin ya kafa birnin Bauchi a 1809, yau kuwa birnin da ya kafa ya miƙo har ya tarar da garin. Motocin Gombe da Yola nan suke ratsawa dare da rana, magidanta suna shiga kasuwannin birni da safe su komo da yamma, yara suna kwana biyar ko shida a ɗaki guda. Wanda ya ce ƙwayar cutar da ta zagaye Gombe da Azare da Kano ta tsallake yaran Inkil, sai ya gaya mana ta wace hanya ta bi. Abin da ya faru kawai shi ne sun kamu, an ce mura ce ko zazzaɓin damina, an sayo magani a kemis, an wuce wurin. Ba takarda, ba suna. Rigakafin korona da ya iso ƙasar nan a watan Maris na 2021 ma an ware shi ne ga masu shekara 18 zuwa sama.

Abin da cutar take bari a jikin yaro iri biyu ne, ɗaya mai gaggawa, ɗaya mai jan rai. Na farkon likitocin Ingila ne suka fara yin shelarsa a ƙarshen Afrilu na 2020, sa'ad da suka ga ana kawo musu yara da wani irin zazzaɓi mai zafi wanda ba ya sauka, da jan ido, da jan leɓe da harshe, da ƙuraje, da ciwon ciki da amai da gudawa, wasu har zuciyarsu ta raunana jini ya kasa zagayawa. Da aka bincika sai aka ga yawancinsu sun yi korona makonni biyu zuwa shida kafin nan, sau da yawa ba tare da iyaye sun ma sani ba. Sojojin jiki ne da suka tashi yaƙi da ƙwayar cuta, bayan abokin gaba ya tafi sai suka juya kan gida. Likitoci suna kiran wannan ciwo MIS-C a taƙaice, kuma ya yi kama da wani ciwon yara da wani likitan Japan, Tomisaku Kawasaki, ya bayyana tun 1967. A Amurka an lissafa yara sama da 9,000 da suka yi shi, kuma a can da Ingila an lura ya fi yawa a tsakanin yara baƙar fata. An gan shi a asibitin yara na Red Cross da ke birnin Kef a Afirka ta Kudu, likitocin yara na Legas su ma sun buga rahoton waɗanda suka yi jiyya a 2022. Ciwon yana da magani in an gane shi da wuri, yawancin yaran kuma sun warke, sa'an nan ya ragu ƙwarai tun bayan ɓullar nau'in Omikron a ƙarshen 2021. Amma mai karatu ya sake duba alamun nan, ya gaya wa kansa gaskiya: in an kai irin wannan yaro asibitin sha-ka-tafi a 2020 ko 2021, me za a rubuta masa? Ƙyanda, ko taifot, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. In ya rasu, da wannan suna aka binne shi.

Na biyun shi ne wanda ya fi damuna, domin ba ya kwantar da yaro a asibiti, ba ya kuma barinsa ya zama yaro. Turawa suna ce masa doguwar korona. A watan Fabrairu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anarsa ga yara da matasa: alamun da suka fara cikin wata uku bayan kamuwa, suka daɗe aƙalla wata biyu, kuma suka taɓa rayuwar yaron ta yau da kullum, watau cin abincinsa da wasansa da karatunsa da hulɗarsa da 'yan'uwa. Alamun da suka fi fitowa fili su ne gajiya, da canjin jin ƙanshi ko ɗaukewarsa, da fargaba. Bayansu akwai ciwon kai, ciwon ciki, ciwon gaɓoɓi, jiri, bugun zuciya, sarƙewar numfashi, rashin barci da mantuwa. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a watan Agusta na 2024 ya nuna abin yana bambanta da shekaru. 'Yan firamare sun fi fama da rashin riƙe karatu da ciwon ciki da ciwon kai da ciwon wuya ko baya, 'yan sakandare kuwa da kasala da rana da ciwon jiki da lalacewar ƙanshi da ɗanɗano.

Gajiyar nan tana da wata ɗabi'a da ya kamata kowane uba da kowane malami ya sani. Gajiyar da muka saba da ita barci yana maganinta. Wannan kuwa yaro zai kwana ya tashi kamar wanda ya yini yana noma. Sa'an nan tana da jinkiri: yau ya ji dama-dama, ya buga ƙwallo ko ya ɗebo ruwa jarka huɗu, lafiya lau, sai gobe ko jibi ya kasa ɗaga kai. Wannan jinkiri shi ne yake ja wa yaro rashin yarda, domin uba zai ce, jiya da idona na gan ka kana tsalle a fili, yau da aka ce makaranta shi ne ba ka da lafiya? Alhali kuwa tsallen jiya ne ya kwantar da shi yau.

Nawa ne yawansu? A nan sai an yi hattara, domin masu binciken ma lissafinsu ya sha bamban. Wani bincike na Kwalejin King's da ke Landan, a 2021, ya bi yara 1,734 da suka kamu. Yawancinsu sun warke cikin mako guda, kimanin 4 cikin 100 sun kai mako huɗu suna fama, kimanin 2 cikin 100 sun kai mako takwas. Wani kuma, mai suna CLoCk, ya ɗauki matasa 'yan shekara 11 zuwa 17, kimanin 3,000 da gwaji ya nuna sun kamu da kimanin 3,700 da ya nuna ba su kamu ba, ya tambaye su bayan wata uku. Cikin waɗanda suka kamu, 30 cikin 100 suna da alamu uku ko fiye. Cikin waɗanda ba su kamu ba kuwa, 16 cikin 100. Wannan lamba ta biyu tana da muhimmanci, domin tana nuna cewa ba kowace gajiya da ciwon kai ne na korona ba. Zaman kulle da rufe makaranta da tashin hankalin gida su ma sun yi tasu ɓarnar. Da aka sake waiwayar matasan bayan shekara biyu, sai aka ga kimanin 70 cikin 100 na masu fama sun warware, saura 30 ba su warware ba, kuma 'yan mata da manyan matasa da 'ya'yan marasa ƙarfi sun fi yawa a cikin waɗanda abin ya daɗe wa.

Mu ɗauki mafi ƙarancin lissafi, mu ce yaro ɗaya ne tak cikin ɗari. A makarantar da ke da yara dubu, goma ke nan. Goma ba annoba ba ce, amma kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wani ne.

Abin mamaki a nan shi ne, Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan ilmi. Mun fi Turawan yau sanin cewa ciwo yakan tafi ya bar baya da ƙura. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 11,000, kuma har yau akwai magidanta a garuruwanmu da suka rasa ji tun daga wannan bazara. Zazzaɓin Lassa, wanda Jihar Bauchi take cikin jihohin da ya fi addaba kowace rani, yakan bar kurumta ga mutum ɗaya cikin uku ko huɗu na waɗanda suka tsira. Ƙyanda takan tafi da ido, wani lokaci kuma, ko da yake da wuya, ƙwayarta takan ɓuya a ƙwaƙwalwa ta ta da kai bayan shekara bakwai zuwa goma. Ciwon maƙogwaro da aka raina yakan koma ya ci ƙofofin zuciya, sai yarinya ta zo haihuwar fari a gane. Shan inna kuwa, wadda aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Nijeriya a watan Agusta na 2020, ba sai an ba kowa labarin abin da ta bari ba. Bambancin kawai shi ne waɗannan ana ganinsu. Gurgu ba ya bukatar shaida, kurma ma haka. Amma yaron da ƙafarsa lafiya, idonsa lafiya, jikinsa ba zafi, ya ce shi dai ya gaji, wa zai tsaya masa?

Ga yadda abin yakan kasance, kuma duk wanda ya yi zaman gida irin namu ya san ban ƙara gishiri ba. Da farko a ce lalaci ne, a yi faɗa. In bai daina ba a kai ga bulala, a gida ko a makarantar boko ko ta allo, domin yaron da a da yake biya allonsa sau biyu ya haddace yanzu yana biyawa sau goma bai riƙe ba. In uwa ta matsa, sai a je kemis a haɗo maganin zazzaɓin cizon sauro. Bayan mako biyu a je ɗakin gwaji a yi gwajin Widal, a ce taifot ne, a ɗora shi a kan ƙwayoyi da allurai. Wannan gwaji kuwa likitoci sun daɗe suna cewa shi kaɗai ba abin dogaro ba ne a ƙasa irin tamu, domin yakan nuna taifot a jinin wanda ba shi da ita. In duk wannan bai yi ba, musamman in yarinya ce mai jiri da faɗuwar gaba, sai a ce iska ce ko sammu. Ba na raina addu'a, kuma babu Musulmin da zai raina ta. Amma addu'a ba ta taɓa hana a auna jinin yaro ba. A ƙarshe kuɗi sun tafi, zango biyu na karatu sun tafi, sai a yanke shawara cewa wannan ba ɗan boko ba ne, a kai shi koyon sana'a, ita kuma a fara zancen aure.

Ba ina cewa duk yaron da ya yi sanyi korona ce ta taɓa shi ba. A ƙasarmu ma ita ce ya kamata ta zo ƙarshe a jerin abin zargi, domin akwai waɗanda suka fi ta yawa kuma suka fi ta sauƙin magani. Nijeriya ce take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zazzaɓin cizon sauro na duniya, kuma gwajinsa na ɗigon jini minti 15 zuwa 20 ne. Ana haifar jarirai wajen 150,000 da amosanin jini kowace shekara a ƙasar nan. Ga ƙarancin jini, musamman ga 'yan matan da suka fara al'ada, ga tsutsar ciki, ga tsargiya ga masu wanka a kududdufi, ga tarin fuka, ga kuma yunwa, wadda ba a son ambatonta amma ita ce ta fi kowace cuta hana yaro gane karatu. Akwai kuma ciwon sukari. A watan Janairu na 2022 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton cewa an fi samun sabon ciwon sukari a yaran da suka yi korona fiye da waɗanda ba su yi ba. Masana ba su gama daidaitawa a kan dalilin ba, amma alamun ba su canja ba: ƙishirwa, yawan fitsari, fitsarin kwance ga wanda ya daina, rama alhali yana ci, da kiyashi suna bin wurin da ya yi fitsari. Wanda ya ga wannan kada ya kwana. Doguwar korona ba ta da wani gwaji guda da zai nuna ta. Likita yakan kai gare ta ne bayan ya kore sauran, wannan kuwa alheri ne, domin a hanyar korewar sau da yawa ake gano abin da maganin wata guda zai warkar.

In an kore su duka kuma yaro yana nan yadda yake, to, magani na farko shi ne a yarda da shi. Na biyu, a auna masa aiki daidai ƙarfinsa. A lura da abin da yake iya yi ba tare da ya kwanta washegari ba, a tsaya a nan, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan in jiki ya karɓa, a ja da baya in bai karɓa ba. Tilasta wa irin wannan yaro gudu ko aikin ƙarfi da sunan a kore masa kasala yakan mai da hannun agogo baya. In rabin yini yake iyawa a makaranta, rabin yini ya fi babu, kuma wannan magana ce da uba zai je da kansa ya yi da hedimasta, kada a bar wa uwa ita kaɗai. A ɗauke masa talla da ɗibar ruwa na wani lokaci. In Ramadan ya zo, a tambayi likita da malami, domin shari'a ta yi wa marar lafiya sauƙi.

Mai jiri da bugun zuciya in ya miƙe, akwai abin da ko malamin asibitin ƙauye zai iya yi da agogon hannu. A kwantar da shi na ɗan lokaci a ƙirga bugun jijiyarsa a minti guda, sa'an nan ya miƙe tsaye a riƙa ƙirgawa har minti goma. In bugun matashi ya ƙaru da 40 ko fiye ya tsaya a haka, ba zazzaɓi, ba ƙarancin jini, ba ƙishirwa, to abu ne da likita ya san sunansa, kuma yawan shan ruwa da tashi a hankali suna rage shi. Wanda kuwa hancinsa ya rikice, har naman miya ko albasa ko daddawa suke masa warin ruɓa, kada a ce iyayi ne. A ba shi abin da yake iya ci, ko da kunu ne da fura, sa'an nan akwai horon hanci da likitoci suke bayarwa: a shaƙi abubuwa huɗu masu ƙarfin ƙanshi, irin su kanumfari da ɓawon lemun tsami, kowanne na ɗan lokaci, safe da yamma, har tsawon watanni. Amma zazzaɓin da ya wuce kwana uku tare da jan ido ko ƙuraje ko matsanancin ciwon ciki, ko ciwon ƙirji, ko suma, ko numfashi sama-sama, wannan ba na kemis ba ne. A nufi babban asibiti kai tsaye.

Akwai wata ɓarnar ta korona da ba ƙwayar ce ta yi ta da kanta ba, amma yara ne suka biya. A shekarun kulle da tsoron asibiti da jita-jitar allura, rigakafin jarirai ya ja baya a duniya duka. Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a 2021 kaɗai yara miliyan 25 ne ba su sami cikakkiyar allurar da ke kare su daga mashaƙo da tarin shiƙa da sandarewar jijiya ba, Nijeriya kuwa tana sahun gaba a yawan waɗanda ba a taɓa yi wa ko ɗaya ba. A ƙarshen 2022 mashaƙo ta ɓarke a Kano, a 2023 ta bazu zuwa Yobe da Katsina da Borno da Bauchi, yawancin waɗanda ta kama kuwa yara ne da ba su da rigakafi. Ita ma mashaƙo tana da irin wannan hali na waiwaye, domin dafinta yakan taɓa zuciya da jijiyoyi makonni bayan maƙogwaro ya warke. Allurar da ke hana ta kyauta ce, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Duk uwar da ta haihu tsakanin 2020 da 2022 ta ɗauko katin yaronta ta duba, in akwai gurbin da ba a cike ba ta kai shi a duba abin da za a iya cikewa.

Saura hukuma. Duk lambobin da na kawo game da doguwar korona daga Landan suke ko Amurka, daga yaran da suke cin abinci sau uku, ba su san zazzaɓin cizon sauro ba. Ko abin ya fi haka a wajenmu ko bai kai ba, lissafin Ingila ba zai gaya mana ba. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a cikin gari, da sashen yara da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga Inkil tafiyar 'yan mintoci a mota. Ba a bukatar na'ura daga waje don a ɗauki makarantu biyu ko uku, a auna nauyi da jini da bugun zuciya, a tambayi malamai su wane ne karatunsu ya faɗi ba dalili, a bi su gida. Yaron da yake da shekara 10 a 2020 ya cika 15 a 2025, shekarun da ake shirin jarrabawar WAEC da NECO, kuma a nan ne ake tace wanda zai ci gaba da wanda zai tsaya. Ma'aikatar Lafiya ta jiha kuma tana iya umartar ƙananan asibitoci da su ƙara layi guda a littafin rajista, inda za a rubuta duk yaron da aka kawo sau uku cikin wata uku da gajiya ko ciwon kai ko jiri alhali gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna kome ba, a kuma ba shi takardar zuwa ganin likitan yara maimakon a sake rubuta masa maganin da ya riga ya sha sau biyu.